Yadda Ake Gano Cutar Jinin da Kaska ke Sa wa Barewa

Barewar ƙanƙara, irin wadda mutanen arewacin Norwe da Finlan ke kiwo, idan aka kawo ta gidan ajiye namun daji a Jamus ko Holan, tana iya wayar gari yau tana cin abincinta lafiya lau, jibi a tarar da ita kwance, fitsarinta ja kamar zoɓo, kafin a yi wani abin kirki ta mutu. A bayan shinge kuwa ƙananan bareyin dajin ƙasar suna ta tsalle-tsallensu, alhali ƙwayar cutar da ta kashe baƙuwar tana yawo a jininsu. Kaska ce ta ɗauko daga waɗannan ta kai wa waccan. Duk wahalar aikin a nan take. Ganin ƙwayar cuta a jinin barewa bai isa a ce ita ta kwantar da ita ba, rashin ganinta kuma bai wanke dabbar ba. Don haka ba da gwaji ɗaya ake yanke hukunci ba, sai an tara hujjoji an ga sun yi baki ɗaya.

Bari mu fara daidaita suna. Barewar da ake magana a nan ita ce mai ƙaho mai rassa kamar reshen bishiya, wanda ke faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro. Tana Turai, Asiya da nahiyar Amurka, kuma ana kiwonta sosai a Niyu Zilan. A duk Afirka iri ɗaya tak ne ɗan asali, jar barewar duwatsun Atlas da ke Aljeriya da Tunisiya. Barewarmu ta Sahel, da gada da gwanki, dangin shanu da awaki ne, ƙahonsu ba ya faɗuwa. Amma hanyar binciken jininsu kusan ɗaya ce, kuma kayan aikin su ne dai waɗanda kowane ɗakin gwajin zazzaɓin cizon sauro yake da su.

Ƙwayoyin da ake farauta manya biyu ne. Ta farko Babesia, wadda ta samo suna daga Victor Babeș, masanin Romaniya da ya gan ta a jinin shanu a 1888. Shekara biyar bayan haka, a 1893, Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta. Tana shiga cikin jar ƙwayar jini, ta hayayyafa, ta fasa ta, ta shiga wata. A Turai ana samun Babesia capreoli da Babesia venatorum a ƙaramar barewar daji, kuma kaskar Ixodes ricinus ce ke ɗauke da su. A Amurka da Kanada akwai Babesia odocoilei, wadda barewa mai farar wutsiya ke zaune da ita lafiya, amma tana kashe barewar ƙanƙara da babbar barewar nan wapiti. Ta biyu Theileria, mai sunan Arnold Theiler, likitan dabbobin da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Theileria cervi ta zama ruwan dare a bareyin kudancin Amurka, kuma ba ta cika kayar da dabba ba sai ƙananan 'ya'ya da yunwa da tarin kaska suka riga suka galabaitar. Akwai kuma Anaplasma phagocytophilum, ita bakteriya ce, a farar ƙwayar jini take zama.

Tun daga nesa, kafin a taɓa ta

Barewa dabbar da ake farauta ce, ta saba ɓoye ciwonta. Ranar da ta nuna maka ba ta da lafiya, ciwon ya yi nisa. Saboda haka matakin farko kallo ne, da sassafe, daga inda ba za ta san kana nan ba. Nemi wadda ta ware daga garke, wadda ta sunkuyar da kai kunnuwa a sake, wadda ta daina tuƙa, wadda ke haki bayan 'yar gajeriyar tafiya. Duba inda ta tsaya ta yi fitsari. A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara kan tona asiri, don jan fitsari a kanta ba ya ɓuya.

Sai tambayoyi ga mai kula da su. Yaushe aka kawo ta, daga ina? An sauya mata makiyaya cikin makon nan ko wanda ya wuce? Bareyin daji suna zuwa jikin shingen? Ciwon yakan bayyana ne kamar mako ɗaya zuwa uku bayan cizon kaska, don haka abin da ya faru cikin watan da ya gabata shi ne abin tono. Lokaci ma hujja ne. Kaskar Turai ta fi tashi bayan wucewar hunturu, sannan ta sake tashi da kaka. Baƙuwar dabba, babba, wadda ta taso inda babu kaska, aka sake ta a ciyawa mai duhuwa a irin wannan lokaci, ita ce wadda za ka fi zargi.

Kamu

A nan ake yin asara mafi yawa, kuma ba cutar ke jawo ta ba, mu ne. Barewar da aka kora aka gajiyar tana iya kamuwa da lalacewar tsoka ta mutu bayan awowi ko kwanaki, ko da lafiyarta ƙalau kafin nan. Wadda jininta ya riga ya ƙare kuwa tana iya faɗuwa a hannunka. Don haka a shirya komai tukuna: sirinji, allura, kwalabe, gilasai, ma'aunin zafi, matsefata, duk a jere a tire. A yi aikin da sanyin safiya, da mutane kaɗan, ba hayaniya. Maganin sa barci aikin likitan dabbobi ne, shi zai auna. Da ta kwanta a rufe mata ido da ƙyalle, a zaunar da ita a kan ƙirjinta, kada a bar ta a gefe ɗaya cikinta ya kumbura.

Fara da zafin jiki ta dubura. Na lafiyayya yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya. Sama da 40 zazzaɓi ne, amma ka tuna gudu kaɗai yana iya kai shi can, shi ya sa ake rubuta ko an kore ta kafin kamu. Sai ka ja fatar idonta ta ƙasa, ka ɗaga leɓe ka dubi dasashi. Na lafiya ruwan hoda ne. Fari fat alamar ƙarancin jini ne, rawaya kuma shawara ce, wato jinin da ya fashe ya fi ƙarfin hanta. Shafa gaban kafaɗa da ƙasan kunne ka ji ko akwai kaluluwa, don Theileria ta fi kumbura su.

Kaska kuma, a nemo ta inda fata ke da laushi: cikin kunne da gefensa, wuya, hammata, matsematsi, ƙarƙashin wutsiya. Ba a banza aka ce kaska ta mutu da haushin kifi ba, duk mai jini in dai a tudu yake nata ne, har kai mai binciken, don haka ka cusa ƙafar wandonka cikin safa. Kama ta da matsefata dab da fata, ka ja a hankali a miƙe, don da bakinta ake gane irinta, in ya tsinke ka rage wa mai dubawa hujja. Jefa ta a kwalba mai alkohol kashi 70 cikin ɗari, kowace dabba da kwalbarta. Rubuta lamba da kwanan wata da fensir a 'yar takarda ka saka ciki. Tawadar biro narkewa take yi a alkohol, kuma babu abin takaici kamar kwalba goma da ba a san ta wace ce ba.

Jini kashi biyu

Na farko daga jijiyar wuya, mililita biyu zuwa biyar, a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, wadda ke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa. Juya ta a hankali sau bakwai ko takwas, kada ka girgiza. Kauce wa mai koren murfi idan kana da niyyar aika jinin gwajin PCR, wato gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar a cikin jini, don sinadarin hefarin da ke cikinta yana dagula gwajin. In da hali ka ƙara kwalba mai jan murfi don ruwan jini.

Na biyu ɗigo ɗaya ne daga bakin kunne. Aske gashin wurin, goge, bari ya bushe, ka soka da allura. Ɗigon farko shi ake so, domin ƙwayoyin jinin da cuta ta shiga sukan taru a ƙananan jijiyoyi. Kuma duk wannan a yi shi kafin a ba da magani. Allura ɗaya ta imidokab, ko ta diminazin wadda makiyayanmu suka sani da Berenil ta sammore, tana iya share ƙwayoyin daga gilashi cikin kwana ɗaya, ka zo kana neman abin da ka riga ka kora.

Shafawa da rini

Gilashi ya zama sabo, ba maiƙo, a riƙe shi ta gefe. Ɗiga jini kamar kan ashana kusa da ƙarshe ɗaya. Ɗauki gilashi na biyu mai santsin baki, ka kafa shi a gaban ɗigon a karkace, kamar digiri 30 zuwa 45, ka ja shi baya har ya taɓa jinin. Jira jinin ya bazu a bakinsa, sannan ka tura gaba sau ɗaya, ba tsayawa, ba dannawa. Shafi mai kyau yakan ƙare da siririn baki kamar harshe kafin ya kai ƙarshen gilashin. Idan jinin ya tsinke kamar ruwa saboda ciwo, ƙara miƙar da gilashin turawa, in ba haka ba shafin zai yi siriri da yawa. Yi uku ko huɗu ga kowace dabba, ɗaya dai zai fito.

Kaɗa shi a iska ya bushe nan take. Kada ka hura da baki, danshin numfashi yana fasa ƙwayoyin. Kada ka sa shi a firji, kada ka ajiye shi kusa da kwalbar fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, kuma ka kare shi daga ƙuda, don ƙuda na lashe shafin jini tas cikin 'yan mintoci. Na taɓa barin gilasai a bakin taga na je wanke hannu, na dawo na tarar da su kamar an yi musu zane da allura.

In ya bushe sai a tsoma shi a metanol tsantsa minti biyu zuwa uku, a bari ya sake bushewa. Rinin shi ne Giemsa, wanda ake yi wa jinin masu zazzaɓin cizon sauro. Kashi ɗaya na rini, kashi tara na ruwa, a haɗa sabo a ranar, a bar gilashin ciki kamar rabin awa. Ruwan shi ne sirrin. Ana son mai ma'aunin tsami, wato pH, 7.2, kuma akwai ƙwayoyin da ake narkawa don daidaita shi. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse yana iya mayar da komai ja ko shuɗi har ka kasa bambance ƙwayar cuta da datti. Wajen ɗaurayewa, kwarara ruwa a kan gilashin rinin na kai, ya tafi da kumfar da ke sama. In ka fara zubar da rinin, gutsattsarinsa za su manne, kuma su ne manyan masu yaudarar sabon ma'aikaci.

Kafin ka zauna gaban madubin duba ƙwayoyin cuta, cika siririn bututun gilashi da jinin kwalbar, ka toshe, ka juya a inji minti biyar don auna kaurin jini, abin da ake kira PCV. Lafiyayyar barewa takan ba da wajen kashi 40 cikin ɗari, da ɗan sama ko ƙasa. In ya sauko kusa da 20 akwai matsala babba. Sai dai saifar barewa rumbun jini ce: tsoro yana matse ta adadin ya hau, maganin barci irin su zailazin yana sake ta adadin ya sauka. Sannan ka dubi launin ruwan da ya taso sama. Ja ko ruwan hoda yana nufin jini na fashewa a cikin jijiya. Wannan kallon na daƙiƙa biyar yana raba gardama babba, domin lalacewar tsoka ta wahalar kamu ita ma tana baƙanta fitsari, amma takan bar ruwan jini garau. Fitsarin ma a juya shi a inji ko a bar shi ya kwanta: in ja ya taru a ƙasa sama ta washe, jini ne ke zuba daga ƙoda ko mafitsara, wata matsala ce daban. In ya tsaya ja gaba ɗaya, fasasshen jini ne. Ko a nan ma Babesia ba ita kaɗai ke yin haka ba. Cutar leftosfira tana sa 'ya'yan jar barewa jan fitsari a gonakin Niyu Zilan, gubar tagulla ma tana yi.

Abin da ido zai gani

Ɗiga man madubi, ka juyo gilashin madubin na ƙasa mai lamba 100. Je can kusa da harshen shafin, inda ƙwayoyin jini ke kwance ɗaya-ɗaya ba su hau juna ba, ka bi gefe-gefe.

Abu na farko da zai ba ka mamaki ba cuta ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin barewa da yawa sukan lanƙwashe su zama kamar lauje, sak irin na mai sikila. Wani Bature, George Gulliver, ya bayyana haka tun 1840, shekara saba'in kafin a bayyana sikila a jikin ɗan Adam. A barewa wannan yakan faru ne bayan jinin ya fito ya sha iska, kuma ba ya cutar da ita. Wanda ya saba da jinin mutane zai iya tashi da gudu ya ce ya gano abin mamaki. Illarsa kawai ita ce yana wahalar da dubawa, wanda kuma dalili ne na shafa jinin tun yana sabo.

Babesia tana cikin jar ƙwaya, jikinta shuɗi-shuɗi da ɗigon ja a ciki. Siffar da ba ta da musu ita ce guda biyu masu kama da 'ya'yan kankana, sun haɗa tsininsu wuri ɗaya. Irin na barewa ƙanana ne, kuma sau da yawa sukan raɓe a gefen ƙwayar, su buɗe baki sosai har su kusa zama layi ɗaya. Za ka ga masu zobe, wani lokaci guda huɗu a haɗe. Ba su da baƙin ɗigon da ake gani a ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Theileria ta fi ƙanƙanta, kamar waƙafi ko ɗan gajeren sanda ko ƙaramin zobe, kuma tana da wani mataki a cikin fararen ƙwayoyi, wanda ake nema ta hanyar zuƙo ruwan kaluluwa da allura a shafa. Anaplasma kuwa ɗan curi ne mai ɗigo-ɗigo a cikin farar ƙwaya, kuma kwanaki kaɗan take bayyana.

Masu yaudara uku ne: gutsuren rini, wanda za ka gan shi har a wajen ƙwayoyin kuma yana ƙyalli in ka motsa madubi, ƙwayar daskarar da jini da ta hau kan jar ƙwaya, da wani ɗigo guda mai duhu, zagayayye sumul, ragowar cibiyar ƙwaya, wanda ke yawaita a dabbar da ke ƙoƙarin mayar da jininta. Ƙa'idata ita ce, in ban ga shuɗin jiki da jan ɗigo tare ba, ban ga komai ba.

Kada ka ce babu sai ka duba fili 200 zuwa 300, wato da'irar da ido ke gani a madubi a kallo ɗaya, abin da zai ci maka minti ashirin ko fiye. In ka gani, ƙirga: cikin jajayen ƙwayoyi dubu, nawa ke ɗauke da ita? Ɗaya tak bayan dogon nema, a dabba mai kaurin jini daidai, yawanci mai ɗauke da cuta ce kawai, ciwonta na wani wuri. Ɗaya cikin ɗari ko fiye, ga zazzaɓi, ga farin dasashi, ga jan ruwan jini, to ka kama ɓarawo da kaya a hannu. In alamu sun nuna amma gilashi bai nuna ba, sake ɗiba bayan awa 12 zuwa 24, domin a tsakiyar fashewar jini ƙwayoyin na iya raguwa.

Inda madubi ya tsaya

Madubi ba zai faɗa maka iri ba. Babesia capreoli ta barewa da Babesia divergens ta shanu kamarsu ɗaya a ido, kuma a sashen ƙwayar halittar da aka fi gwadawa, 18S, wuri uku kacal suka bambanta. Amma bambancin na da nauyi, don ta shanun tana kama mutum kuma tana kashe shanu. Saboda haka ake aika jinin EDTA gwajin PCR, a kuma nemi a karanta jerin ƙwayar halittar, ba a tsaya ga “akwai” ko “babu” ba. Jinin zai yi 'yan kwanaki a firji. In zai daɗe a daskarar da shi, ko a ɗiga a katin adana jini da ake kira FTA ya bushe, wanda ya fi sauƙi inda wuta ba ta tsayawa. PCR na ganin abin da madubi ba ya gani, kuma nan ne tarkonsa: a dajin Turai bareyi masu yawan gaske za su nuna akwai, suna kuwa cikin ƙoshin lafiya. Gwajin ruwan jini na garkuwar jiki ma tarihi yake bayarwa, cewa dabbar ta taɓa haɗuwa da cutar, ba lallai yau ba. Haka kaskar da ta sha jini ta ƙoshi: in an sami cuta a cikinta, mai yiwuwa daga jinin dabbar ta sha. Wanda ke son sanin haɗarin makiyaya sai ya ja farin ƙyalle a kan ciyawa ya tattara kaskar da ba ta ci ba tukuna.

Sau da yawa gawa ake tararwa, ko naman da mafarauta suka kawo. A buɗe da wuri, da safar hannu. Abin nema: jini tsararo, kitse da fatar ciki rawaya, saifa ta kumbura ta yi laushi, ƙoda ta yi duhu, mafitsara cike da jan fitsari. Kada ka ɓata lokaci neman matsarmama kamar yadda ake yi wa saniya, barewa mai rassan ƙaho ba ta da ita. Yanki saifa da ƙoda, ka tsane a takarda, ka dangwala a gilashi, ka rina kamar jini. Wani yankin saifa a daskarar don PCR, wani a sa a fomalin don duba nama, kwalba daban-daban, don fomalin na lalata abin da PCR ke nema.

Ga wanda ke aiki a gidan namun daji a ƙasashenmu, ko mai ajiye barewa a gida, akwai ƙari ɗaya. Kaskar nan mai zane a baya, Amblyomma variegatum, da ke addabar shanunmu da damina, tana ɗauke da cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, kuma gwaji ya nuna barewa mai farar wutsiya ba ta jure mata. Wannan ba a ganinta a jar ƙwaya, sai an murje ɗan yankin ƙwaƙwalwa a gilashi an duba ƙananan jijiyoyi. Gwanki ma Theileria na kashe 'ya'yansa a gonakin namun daji na Afirka ta Kudu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da tsangayoyin likitan dabbobi na Zariya da Sakkwato sun daɗe suna aiki kan cututtukan kaska, can ne wurin tuntuɓa kafin a aika samfur.

Da an tabbatar da ɗaya, a duba sauran garken a ranar, a auna zafinsu da kaurin jininsu, a fitar da su daga wannan ciyawar. A kuma tambayi ma'aikatan. Babesia venatorum da aka ambata a sama an fara gano ta ne a jikin mutane biyu a Italiya da Ostiriya, dukansu an cire musu saifa, aka wallafa a 2003. Mai saifa lafiyayya yakan tsallake, wanda ba shi da ita yana iya mutuwa. Masu sikila da yawa saifarsu ta daina aiki tun suna yara, don haka irin wannan ma'aikaci bai kamata a tura shi cire kaska ko shiga duhuwar ciyawa ba. In kuma wani ya yi zazzaɓi bayan cizon kaska, ya gaya wa likita aikin da yake yi, ya nemi a duba jininsa a madubi, domin ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ba ya ganin Babesia.